Kifin Akwatin da ke Ɗakin Kaka

Daga Allah muke, babba da yaro, kuma wurinsa za mu koma. Kakana, mahaifin babana, ya koma ranar wata Laraba da hantsi, ana tsakiyar zafin bazara, a ƙauyenmu da ke bakin dam ɗin Tiga. Gwaggo, ƙanwar babana, ita ta kai masa kunu ta tarar rai ya yi halinsa. Ina gefen tsakar gida wajen murhun banda ina juya tarwaɗa na ji salatinta, na ji ƙarar kwano a ƙasa. Ban tambayi kowa ba, na san abin da ya faru.

Kafin ka ce kwabo gida ya cika. Masunta suka baro kwale-kwalensu a bakin ruwa, masu lambu suka kashe injin ban ruwa suka taho da taɓo a ƙafa. Wani tsohon Bafullatani, abokin Kaka tun suna samari, ya zo daga ruga yana dogara sanda, ya zauna a gindin darbejiyar ƙofar gida yana kuka yana magana da Fillanci shi kaɗai. A cikin gida wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta riƙe hannuna tana cewa, "Yanzu wa zai riƙa aiko mini da kifin miya ban roƙa ba?" Wata kuma da ke kusa da ita ta ce, "Allah dai ya sa ya cika da imani." Ta ja kalmar imanin nan ta ja, sannan ta saci kallon ƙofar ɗakinsa. Na gane abin da take nufi sarai.

An ɗora ruwan wanka, an aika a yanko likkafani, samari sun tafi haƙa kabari. Amma rana tana ta ɗagawa, babu namiji ɗaya da ya taka ƙofar ɗakin da Kaka yake kwance. Masu wankan gawa na garinmu biyu ne, duka sun zo, duka sun tsaya a zaure suna gyara hula. Baffa, yayan babana, wanda shi ne babban ɗan Kaka, yana tsugune a bakin zauren ya dafe kai. Kowa ya san dalili, kowa ya ƙi faɗa. Dalilin yana rataye da igiya a jikin azara, daidai saman gadon mamacin.

Busasshen kifi ne. Na san mai karatu zai ce mene ne abin tsoro a busasshen kifi a garin masunta, inda ko zanin ɗaurawarmu ƙarnin kifi yake yi. To wannan bai yi kama da karfasa ko tarwaɗa ko ragon ruwa ba, bai yi kama da komai da ya taɓa faɗawa komar wani a Tiga ba. Girmansa kamar tubali, yana da kusurwa huɗu sak irin ta akwati. Ba shi da ɓawo irin na kifi, jikinsa ƙashi ne gaba ɗaya, an zane shi gida-gida kamar saƙar zuma. Bakinsa ɗan mitsitsi a tsuke, sai ramuka biyu inda idanu suke a da. Duk inda ka tsaya a ɗakin sai ka ga ramukan nan kai suke kallo. Kaka yana ce masa kifin akwati. Mutanen gari kuwa ba sa kama sunansa, sai dai su ce "abin nan na ɗakin tsoho".

A hannun Kaka na girma, don babana ya rasu tun ban yi wayo ba. Shekarun da na yi a gidan nan ban taɓa shiga ɗakinsa na ɗaga kai ba. In zan kai masa abinci sai in ajiye daga bakin ƙofa in ja da baya. Shi ko abin dariya yake ba shi. "Amarya," haka yake kirana irin wasan kaka da jika, "shigo mana, ko kishiyar taki kike tsoro?" In ce, "Tsohon ango, ka riƙe abarka, ni na haƙura da auren." Ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce bai taɓa ganin matsoraciya irina ba, ko ƙadangare ya gyaɗa mini kai sai na yi salati. Gaskiyarsa ce, har gobe haka nake.

Labarin kifin kuwa na ji shi ya fi a ƙirga, yawanci da la'asar yana ɗinkin koma a gindin darbejiya. Yana saurayi ya tafi aikin hajji ta ƙasa, tun ba a yi dam ba, tun ƙauyenmu na asali yana nan a kwari. Da zai tafi, mahaifiyarsa, wadda yake kira Inna, ta ce ita ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi rafin garinsu ba, in ya je babban ruwan ya zo mata da wani abu na cikinsa ta gani da idonta. Tafiya ta miƙa, ya daɗe a bakin Bahar Maliya yana aiki da masuntan can kafin ya samu tsallakawa. Ya ce ruwan can garau yake, daga cikin jirgi kana hango ƙasa. Ya ce murjanin nan da mata ke sa wa a wuya, can a ƙarƙashin ruwa yake tsirowa, reshe-reshe kamar kurmi, kifaye masu launi suna shiga suna fita. A cikinsu ya ga wannan, rawaya mai ɗigo-ɗigo baƙi, yana tafiya a hankali yana kaɗa 'yan fukafukansa, don jikinsa ba ya lanƙwasuwa ko kaɗan.

Ya kama shi da rai. Sai ya yi abin da kowane masunci na wajenmu zai yi: ya jefa shi cikin rabin durom ɗin ruwa da mai jirgin ke ajiye kifaye masu rai, yadda muke ajiye tarwaɗa a baho ta kwana biyu ba ta mutu ba. Ba a jima ba ruwan ya yi kumfa. Kifayen suka riƙa juyowa ciki sama ɗaya bayan ɗaya, har shi kansa kifin akwatin. Mai jirgi ya zazzaga masa faɗa da Larabci, ya ce duk yaron bakin teku ya san ba a haɗa wannan kifi da wasu a wuri ɗaya. In ya tsorata, wani yauƙi mai guba yake fitarwa daga fatarsa. A cikin teku ruwa kan tafi da shi, amma a ƙuntataccen wuri sai ya kashe na kusa da shi, ya kashe kansa.

"Ba mugu ba ne, amarya," Kaka yakan ce. "Matsoraci ne irinki. Ni na tsorata shi."

Ya busar da shi, ya ɗauko shi a ƙullin kayansa tun daga can har gida. Ya iso ya tarar Inna ta daɗe a kabari. Bayan wasu shekaru aka tashe su, ruwan dam ya shanye garin da gonaki da maƙabarta. In muna bakin ruwa yakan nuna wani wuri can tsakiya da baki ya ce, "Tana nan ƙasa, daidai inda yaran can suke jefa komar birgi." Kifin nan tsarabar Inna ce da bai samu ya miƙa mata ba, shi ya sa ya rataye shi inda zai buɗe ido ya gani kullum. Sau ɗaya ya taɓa yi mini maganarsa ba da wasa ba. Ya ce, "Ko bayan raina kada ki bari a fasa mini shi. Ki kai ɗakinki ki rataye." Na ce Allah ya kiyaye, ni da in kwana da wannan gara in kwana a maƙabarta. Ya yi murmushi ya ce ya dai faɗa mini.

Matsalar labari ita ce ba duka ake ɗauka ba. Mutanen garinmu sun bar Inna, sun bar murjani, sun bar tsoron kifin, suka riƙe abu ɗaya: tsoho yana da wani abu a ɗaki da ke kashe kifaye. Da farko raɗe-raɗi ne na mata a bakin rijiya. Sai wata shekara ruwa ya ja baya sosai, kifi ya yi wuya, mutum ya wuni a ruwa ya dawo da abin da bai cika kwano ba. Ana cikin haka wata safiya aka tashi aka ga lungun ruwan da ke kusa da mu ya yi fari fat da matattun kifaye, manya da 'ya'ya, har da kwaɗi. Wari ya hana mu cin abinci. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar manyan maza irin na ranar ba. Kafin azahar magana ta zaga gari cewa abin ɗakin tsoho ne ya yi fushi.

Ni na san ba haka ba ne, don a gabana aka yi. Da sassafen ranar, kafin gari ya farga, Baffa ya shigo da kwando shaƙe da kifi ya dire mini in yi banda. Kaka yana alwala. Ya taso ya ɗauki ɗaya, ya buɗe kumatunsa ya shinshina, ya ɗauki wani ya shinshina. Sai ya kinkimi kwandon da tsufansa ya juye a ramin shara, ya tura ƙasa da ƙafa. Sannan ya juyo.

"Maganin feshin tumatir ka zuba a ruwa."

Baffa ya ce, "Baba, yara sun kwana biyu ba a ɗora tukunya ba. Na ji tsoro ne."

"Ka ji tsoro," in ji Kaka. "Ka ji tsoro sai ka kashe ruwan da kai ma za ka sha? Wannan da ka kawo wa za ka ciyar? 'Ya'yan wa?"

Ban taɓa jin ya ɗaga wa wani murya haka ba. Ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwar Baffa sai da kai. Amma duk yamma sai ya ƙulla hatsi a buhu ya ce in kai wa matar Baffa kada in ce daga ina. Da magana ta koma kan kifin akwati kuwa, na zaci zai fito ya wanke kansa. Bai yi ba. Na same shi na ce, "Kaka, ana cewa kai matsafi ne fa." Ya ce, "Na ji." Na ce to ka faɗi gaskiya mana. Ya ce, "In na faɗa, sarkin ruwa zai kore shi daga dam, 'ya'yansa su ci me? Ni tsoho ne, zagi ba ya hana ni barci." Na yi fushi ƙwarai, har yau in na tuna raina yana ɓaci. Mutumin da bai taɓa rasa sahun farko ba, aka riƙa matsawa daga gefensa a masallaci.

Abin da ya ƙarasa ɓata lamarin shi ne ƙarar. A 'yan shekarun nan, duk bazara, kifin ya fara kuka. Wani irin zzz ne siriri, ya yi ya tsaya, ya sake yi. Gwaggo ta ji, na ji, yaran da ke leƙe ta taga sun ji sun watsa a gari. Kaka kuwa kunnensa ya riga ya yi nauyi, in ka ce masa abin nan yana ƙara sai ya ce, "Ƙarya kuke, ni ban ji komai ba." Mutane suka ce ɓoyewa yake.

To wannan shi ne abin da ya tsayar da maza a zaure ranar Larabar nan. Liman ya zo, dattijo ne mai kirki, ya ce wannan wane irin abu ne, Musulmi yana kwance ana kallon juna. Ya yi bisimilla ya ɗaga labule ya shiga. Ina tsaye kusa da taga. Ɗakin ya yi tsit, sai ga zzz ɗin nan ta taso. Liman ya fito da baya da baya yana ta'awwuzi, goshinsa duk gumi. Ya ce shi zai sallaci mamaci ko shi kaɗai ne, amma a fara fito da abin can waje.

Wa zai fito da shi? Wani ya ce a saƙalo shi da gora a zuba masa fetur. Wani ya ce in aka ƙona, abin da ke ciki zai fito ya shiga jikin wani. Ta ƙofar zaure na hango mutane sun fara neman takalmansu, ɗaya ya tuna injinsa, ɗaya ya tuna komarsa. Rana ta take tsaka, zafi kamar ana gasa mutum, gawa kuwa ba ta jira a bazara. Na kalli Baffa. Ya ɗago ya kalle ni, ya mayar da kai ƙasa. Shi ma tsoron abin yake ji, ƙaryar da ta rufa masa asiri ta daɗe har shi ya fara yarda da ita.

A nan wani tsoro ya zo ya danne wanda na saba. Na ga Kaka a makara, mutum biyar a bayansa. Na ga jikokinsa ana nuna su a kasuwar Tudun Wada ana cewa jinin matsafin nan ne. Na ja mayafina na ɗauki turmi na shiga ɗakin.

Ba zan yi wa kowa ƙaryar jarumta ba. Duk addu'ar da na kamo sai ta tsinke a tsakiya. Kaka yana kwance an lulluɓe shi da farin zane, ƙafafunsa sun ɗan leƙo. Na kife turmin a gefen gado na hau. Karo na farko a rayuwata na kalli ramukan idon nan kusa da kusa. Na miƙa hannu, ƙarar ta taso, na ji ta har cikin tafin hannuna, saura kaɗan in saki fitsari. Na runtse ido na tsinke igiyar. Abin da na yi shekaru ina gudu, ashe bai fi busasshiyar ƙwarya nauyi ba.

Na ratsa tsakar gida mata suna darewa, na ratsa zaure, na fita har gaban maza na ajiye shi a ƙasa. Suka ja baya. Na ce, "Ga shi nan. Kifi ne." Muryata ko ni ban gane ta ba.

Wani daga baya ya ce, "Ai ba jikin ba ne, abin a ciki yake. Ba ku ji yana magana ba?"

Sai ya sake yin ƙarar, a fili, a gaban kowa. Wasu suka juya za su tafi. Na tuna abin da Kaka ya roƙe ni, abu ɗaya tak da ya taɓa roƙona. Na kuma san in na ɗauke kifin nan lafiyarsa ƙalau na kai ɗakina, maganar ba za ta mutu ba har abada, kuma yau ba za a cika sahu ba. Na ce wa Gwaggo ta miƙo mini taɓarya. A zuciyata na ce, tsohon ango, ka yafe mini. Na ɗaga na sauke.

Ya fashe da ƙara kaɗan, ɓaras. Ƙura ta tashi. A ciki babu laya, babu gashi, babu komai sai 'yan ɗakunan laka a jere manne da ƙashin, da busassun tsutsotsi. Wani ƙwaro mai siririn ƙugu ya fito a gigice, ya zaga kanmu ya yi sama.

Tsohon Bafullatanin nan ne ya fara magana. Ya matso da sandarsa ya tona lakar, hawaye na zuba yana dariya. "Zanzaro!" ya ce. "Wallahi zanzaro ne ya yi gida! Kai, jama'a, kun ji kunya. Mutumin nan ya ciyar da rabinku."

Masu takalma a hannu suka ajiye su a hankali. Baffa ya taso ya durƙusa ya tattara ɓaraguzan a gefen rigarsa, ya kawo ya zuba mini a mayafi bai kalli idona ba. Sannan ya naɗe hannun riga ya shiga ɗakin, masu wanka suka bi shi. Mata ba ma zuwa maƙabarta, amma daga zaure na leƙa lokacin da aka tayar da salla, sahu ya kai har bakin hanya. Ranar sadakar uku Baffa ya miƙe a gaban jama'a ya faɗi wanda ya zuba magani a ruwa shekarar nan, da bakinsa, yana kuka. Ba don haka ba da ban rubuta wannan ba, don Kaka ya rufa masa asiri har ya mutu.

Ɓaraguzan suna nan ƙulle a tsohon ɗankwalina. Na so in roƙi Baffa ya kai ni tsakiyar ruwa, daidai inda Kaka ke nunawa, in zuba su, ko Inna ta karɓi tsarabarta a makare. Na fasa. Na san garinmu, wani zai hango ya ce jikar tsoho tana yi wa ruwa sadaka, a koma gidan jiya. Abin da nake tsoro yanzu ke nan, ba kifi ba, yadda mutanen da suka ci daga hannunka za su nemi takalmansu tun ba a wanke ka ba.

Allah ya jiƙan Kaka, ya haskaka makwancinsa, ya sada shi da Innarsa a inda ba a rabuwa. Ya yafe masa, ya yafe mana abin da muka yi masa.

Bayan kwana bakwai na shiga share ɗakin. Guntun igiyar yana nan yana lilo a jikin azara. Ina cikin shara na ji zzz a bayana, tsintsiya ta faɗi daga hannuna. Zanzaron ne ya shigo ta taga da ɗan laka a bakinsa. Ya je wajen igiyar ya zaga, ya sake zagawa, yana neman gidansa. Na zauna a bakin gadon Kaka na ɗaga kai ina kallonsa. Ni da na yi shekaru ina gudun wannan ƙara, sai ga ni ina kuka ina roƙon Allah kada ta yi saurin dainawa.